Fashin baƙi: Me amincewar ƙaramar hukuma ke nufi kafin a kaɗa ƙuri'a kan tsarin raya unguwa a Ingila?

A Ingila ba a rasa ganin 'yar gajeriyar sanarwa daga wata ƙaramar hukuma cewa ta amince a kai tsarin raya ƙauye kaza ko unguwa kaza gaban jama'a su kaɗa masa ƙuri'a. Wanda bai san dawan garin ba zai ɗauka kansiloli ne suka zauna suka karanta tsarin, ya kwanta musu a rai, suka sa masa albarka. A doka kuwa ba a tambayi ƙaramar hukuma ko tsarin ya burge ta ba. An ba ta tambayoyi ƙidayayyu ne, an ba ta mako biyar, an kuma ɗaure mata hannu kan irin gyaran da za ta iya yi. Amma duk da ƙuncin wannan ƙofa, nan ne tsarin ke fita daga hannun mutanen da suka rubuta shi. Daga ranar ba su da ikon janye shi, ba a sake taɓa rubutunsa, kuma agogon zuwa kotu ya fara bugawa. Da dama daga cikin rigingimun da suka kai ga alƙalai a kan wannan gaɓar suka tashi.

Wane irin tsari ne wannan?

Asalinsa dokar miƙa iko ga al'umma ce ta 2011, wadda ake kira Localism Act, da ƙa'idojin aiwatarwa da suka fara aiki a watan Afrilun 2012. A Ingila kaɗai take aiki. Scotland da Wales suna da nasu salon na tsarin al'umma, amma babu ƙuri'ar raba gardama a ciki.

Sai mai karatu ya riƙe abu ɗaya tun farko. A Ingila izinin gini a hannun ƙaramar hukuma yake, ba kamar Kano ko Kaduna ba inda hukumar tsara birane ta jiha ke ba da shi. Kowace ƙaramar hukuma tana da babban tsarinta na yanki, wanda ke faɗin gidaje nawa za a gina cikin shekaru masu zuwa da inda za a gina su. Wata dokar tsara gine-gine ta 2004 ta ce duk wanda ya nemi izinin gini, da wannan kundin za a yanke masa hukunci, sai dai in akwai wani dalili mai nauyi da ya rinjaye shi. Abin da dokar 2011 ta ƙara shi ne mutanen ƙauye ko unguwa su ma su rubuta nasu ƙaramin tsarin, in ya tsallake duk matakai ya shiga cikin wannan kundi, ya zama yana da ƙarfin doka daidai da na ƙaramar hukumar. Har ma in manufofin biyu suka ci karo, wanda ya shiga kundin daga baya shi ke rinjaye. Don haka ba takardar koke ba ce ko jerin buƙatun unguwa. Jami'in da ke duba takardar neman izini dole ya buɗe shi.

Abin da ke ciki ya shafi ƙasa da gini ne kawai: filin da aka ware wa sababbin gidaje, iyakar gari, tsayin gini da kayan da za a yi amfani da su, filayen da ba a so a taɓa, shagunan tsakiyar gari. Haƙar ma'adinai, zubar da shara da manyan ayyukan ƙasa irin su tashar lantarki an cire su. Ƙorafin gudun motoci ko ƙarancin bas ma ba manufar gini ba ce, sai dai a ajiye shi a wani shafi dabam a matsayin burin al'umma, wanda ba ya ɗaure kowa.

Na farko da ya kai ga akwati shi ne na Upper Eden a Cumbria, a watan Maris na 2013, inda kusan kashi 90 cikin ɗari suka ce e. Bayan wata biyu garin Thame na Oxfordshire ya biyo baya da tsarin da ya raba gidaje 775 a filaye da yawa maimakon a jibge su wuri ɗaya. Tun daga nan tsare-tsare fiye da dubu sun wuce wannan mataki.

Hanyar da ake bi kafin a iso teburin ƙaramar hukuma

Ba kowace ƙungiya ke da hurumin rubuta tsarin ba. Inda akwai majalisar gunduma, wato ƙaramar majalisar ƙauye ko gari da ke ƙasa da ƙaramar hukuma, ita kaɗai ke da wannan iko. Inda babu ita, kamar yawancin unguwannin manyan birane, sai a kafa dandalin unguwa mai aƙalla mutum 21 daga masu zama a wurin, masu aiki a wurin, ko kansilolinsa. Ƙaramar hukuma ce ke tabbatar da dandalin, kuma tabbacin shekara biyar yake yi. Wannan wa'adi yana cin mutane, domin aikin sa kai ne, ana yi ana hutawa, sai a wayi gari shekarun sun cika tsarin bai kai ko'ina ba, a koma neman sabon tabbaci.

Bayan an shata iyakar yankin, sai tara hujjoji: ƙidayar buƙatar gidaje, auna filaye da ma'auni ɗaya, taswirar ambaliya, jin ta bakin mazauna. In daftari ya kammala, masu tsarin da kansu za su baza shi na aƙalla mako shida, su aika wa masu filaye da hukumomin ƙasa da abin ya shafa, musamman Natural England mai kula da halittu da muhallinsu, Historic England mai kula da gine-ginen tarihi, da Hukumar Muhalli. Daga nan su gyara, su miƙa wa ƙaramar hukuma tare da taswirar yankin, bayanin wa aka tuntuɓa da abin da aka yi da ra'ayinsa, bayanin yadda tsarin ya cika sharuɗɗan doka, da rahoton tasirin muhalli ko dalilin da ya sa ba a buƙatarsa. Ƙaramar hukuma ta sake baza shi na wani mako shida. Ra'ayoyin wannan zagaye na biyu ba masu tsarin ake kai wa ba, kai tsaye suke tafiya wurin mai tantancewa, wato ƙwararre mai zaman kansa da ke duba ko tsarin ya cika sharuɗɗan doka.

Mai tantancewa da sharuɗɗan tushe

Ƙaramar hukuma ce ke naɗa mai tantancewa, ita ke biyansa, amma sai da yardar masu tsarin. Dole ya zama ba ya ƙarƙashin kowannensu, ba shi da wani fili da tsarin zai shafa, kuma yana da ƙwarewar da ta dace. Galibi tsoffin jami'an tsara gari ne ko lauyoyi. A ƙa'ida aikin na takarda ne. Yana karanta komai, ya je ya zagaya wurin shi kaɗai, ya aiko da tambayoyi a rubuce. Ba ya kiran zaman sauraro sai ya ga akwai batun da ba zai warwaru ba sai an yi magana baki da baki, ko kuma wani ba zai samu damar kare kansa yadda ya kamata ba.

Ma'auninsa shi ne abin da doka ta kira sharuɗɗan tushe. Tsarin ya yi la'akari da manufofin gwamnatin ƙasa kan gine-gine. Ya taimaka wa ci gaba mai ɗorewa. Ya dace a dunƙule da manyan manufofin babban tsarin ƙaramar hukuma. Kada ya saɓa wa dokokin muhalli da Birtaniya ta gada daga Tarayyar Turai, har da na kare wuraren da tsuntsaye da sauran halittu ke zaune. Sannan kada ya taka haƙƙin ɗan Adam. Wata doka ta 2023 ta tanadi sauya sharaɗin dacewa da babban tsari da wani mai kaifi: kada tsarin unguwa ya jawo a gina gidaje ƙasa da waɗanda za a gina in babu shi. Ruhin abin dai bai canza ba tun farko. An ba al'umma ikon cewa a ina da kuma yaya, ba a ba ta ikon cewa a'a ba.

Wannan ma'auni ya fi na babban tsari sauƙi, kuma kotu ta tabbatar da haka tun 2014 a shari'ar Tattenhall ta Cheshire, inda kamfanonin gina gidaje suka ƙalubalanci manufar da ta taƙaita kowane sabon rukunin gidaje zuwa 30, suka sha kaye. Sai dai sauƙi ba ya nufin kowa na wucewa. A farkon 2014 tsarin Slaugham na Sussex ya zama na farko da mai tantancewa ya mayar, saboda rahoton tasirin muhallinsa bai cika ƙa'ida ba. Nan rami ne da ake yawan faɗawa: an ware fili don gidaje, amma ba a nuna an auna wasu filayen da ma'auni ɗaya ba, ko an rubuta rahoton muhalli ne bayan an riga an zaɓi filin don a ƙawata zaɓin.

Rahoton mai tantancewa yana ƙarewa da ɗaya daga cikin uku: a kai tsarin ƙuri'a yadda yake, a kai shi bayan an yi gyare-gyare kaza, ko a ƙi shi. Na tsakiyar ne aka fi gani nesa ba kusa ba. Ga misalin irin gyaran. Mutane sun rubuta cewa ba za a yarda da kowane gini a bayan iyakar gari ba. Mai tantancewa zai ja layi a kai, ya ce manufar ƙasa ta yarda da wasu gine-gine a karkara, kamar gidan ma'aikacin gona ko gidaje masu rahusa ga 'yan gari, don haka a sake jimlar ta ba da wannan kafa. Ko sun jera filaye goma sha biyu a matsayin keɓaɓɓun filayen unguwa, ya cire huɗu domin manufar ƙasa ta ce irin wannan fili sai ya kasance kusa da mutane, yana da wata daraja ta musamman da za a iya nunawa, kuma ba makekiyar gona ba. A idon mai tantancewa gyaran kalmomi ne. A idon wanda ya yi shekara huɗu yana zaman kwamiti da dare, wani lokaci an zare wa tsarin laka ne.

Mako biyar na ƙaramar hukuma

Rahoton shawara ce, ba umarni ba. Hukuncin na ƙaramar hukuma ne, kuma tun gyaran ƙa'idoji na 2016 tana da mako biyar daga washegarin ranar da ta karɓi rahoton, sai fa in ita da masu tsarin sun yarda a rubuce a ƙara lokaci. A ƙananan hukumomi masu majalisar zartarwa, aikin nata ne, kuma da yawa sun miƙa shi ga kansila ɗaya mai riƙe da harkar gine-gine ko ga daraktan sashen. Dalilin a fili yake: majalisar da ke zama sau ɗaya a wata ko wata biyu ba za ta riƙa cim ma mako biyar ba.

Abin da doka ta ɗora mata shi ne ta bi shawarwarin ɗaya bayan ɗaya ta faɗi abin da za ta yi da kowacce, sannan ita kanta ta gamsu cewa tsarin, da gyaransa, ya cika sharuɗɗan tushe. Ba ta da damar ɓuya a bayan mai tantancewa ta ce ai shi ya ce. In kuwa ta gamsu, dole ta kai shi ƙuri'a, ko da kansiloli ba sa ƙaunar filin da aka zaɓa. Gyaran da aka yarda ta yi da hannunta bai wuce wanda zai sa tsarin ya cika sharuɗɗan, ko ya dace da haƙƙin ɗan Adam da sauran tanade-tanaden dokar, ko gyaran kuskure irin na lamba da taswira ba. Ba wurin cusa sabuwar manufa ba ne.

Sakamakon yana fita a takardar matsaya. Wanda ya buɗe irin wannan takarda zai tarar da shafi ɗaya ko biyu na bayanin doka, sai dogon jadawali: ga lambar manufa, ga abin da mai tantancewa ya ce a canza, ga abin da ƙaramar hukuma ta yanke da dalilinta. Yawancin layukan amsarsu ɗaya ce, an karɓa saboda dalilin da rahoton ya bayar. Layin da ya kamata a tsaya a kai shi ne wanda amsarsa ta bambanta.

Domin in ƙaramar hukuma za ta saɓa wa mai tantancewa, kuma dalilinta sabuwar hujja ce, ko sabon abin da ya bayyana, ko ta ga wani lamari na zahiri ba yadda ya gan shi ba, to ba za ta yi gaban kanta ba. Sai ta sanar da masu tsarin da duk wanda ya aiko da ra'ayi, ta ba su mako shida su mayar da martani, in ta ga dama ta mayar da batun ga wata tantancewar, sannan ta yanke cikin mako biyar. A 2018 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta ƙara fayyace wannan a shari'ar kamfanin Kebbell da majalisar birnin Leeds kan tsarin ƙauyen Linton: saɓani kan hukuncin ƙwarewa, wato yadda ake auna nauyin abu, dabam yake da saɓani kan abin da ya faru a zahiri, kuma na biyun ne ke wajabta sake tuntuɓa. Bambancin siriri ne, shi ya sa lauyoyin ƙananan hukumomi da dama kan ce a tuntuɓa kawai a huta. Asarar mako shida ta fi asarar shekara a kotu.

A wannan takarda kuma ake yanke su wa za su yi ƙuri'a. A ƙalla duk yankin tsarin ne, ba a rage shi, amma ana iya faɗaɗa shi in abin zai shafi maƙwabta sosai. Tsarin tsakiyar birnin Milton Keynes misali ne: tunda kasuwar ta kowa ce, a watan Mayun 2015 aka buɗe ƙuri'ar ga mazauna ƙaramar hukumar baki ɗaya.

Sai babban abin da kwamitocin unguwa ke mantawa. Doka ta ba su damar janye tsarinsu a kowane lokaci, amma kafin ƙaramar hukuma ta yanke wannan hukunci. Da ta yanke, bakin alƙalami ya bushe. Saboda haka makonni biyar ɗin nan ba na zaman jira ba ne. Ranar da rahoton ya iso ya kamata kwamiti ya zauna, ya ɗauki tsarin da jan biro, ya shigar da kowane gyara a gurbinsa, ya karanta abin da ya rage daga farko zuwa ƙarshe, ya tambayi kansa ko wannan ne abin da zai iya roƙon maƙwabta su zaɓa. In amsar a'a ce, ko dai a nemi ƙarin lokaci a tattauna da jami'ai, ko a janye a sake ɗauko aikin daga matakin tuntuɓa da hujjoji masu ƙarfi. Abin da ya faru a Swanwick ta Derbyshire ya isa darasi. Mai tantancewa ya ba da shawarar cire wasu manufofi da sauya wasu, ƙaramar hukumar Amber Valley ta karɓa, tsarin ya tafi akwati. Majalisar gundumar da ta rubuta shi da kanta ta fito tana kiran mutane su ƙi shi, kuma a watan Oktoban 2016 fiye da kashi 80 cikin ɗari suka ce a'a. Shi ne na farko da ya faɗi a ƙuri'a. Aikin shekaru ya tafi, kuɗin zaɓe ya tafi, garin ya koma inda ya fara.

In kuma ƙaramar hukumar ce ta yi nawa, ko ta ƙi bin shawarar mai tantancewa, ko ta yi gyaran da bai ce ba, dokar gidaje ta 2016 ta ba masu tsarin damar rubuta wa minista su nemi ya shiga tsakani. Idan ƙorafin kan hukuncin da aka yanke ne, mako shida suke da shi daga ranar da aka wallafa shi. Makami ne da ba a cika zarowa ba, amma saninsa kaɗai yana sa fayil ya motsa.

Agogon kotu

Mai fili ko kamfanin gini da yake ganin an cuce shi yana da mako shida ya kai ƙara, kuma kowane mataki da agogonsa: hukuncin kai tsari ƙuri'a, yadda aka gudanar da ƙuri'ar, da shigar da tsarin cikin kundi. Shari'ar St Annes da ke gaɓar tekun Lancashire ce ta rufe gardamar ko ana iya jinkirtawa. Mai tantancewa ya ce a faɗaɗa iyakar garin ta haɗa da filin wani kamfani. A watan Maris na 2017 ƙaramar hukumar Fylde ta ƙi wannan shawara ta kai tsarin ƙuri'a ba tare da filin ba. Aka yi ƙuri'a ranar 4 ga Mayu, aka shigar da tsarin kundi a ƙarshen watan, kamfanin ya shigar da ƙara a farkon Yuli, cikin mako shida na matakin ƙarshe. A 2021 Kotun Ƙolin Birtaniya ta ce ya makara: abin da yake ƙorafi a kai hukuncin watan Maris ne, don haka tun lokacin agogonsa ya fara. Hikimar ita ce kada a bari jama'a su fito su yi zaɓe sannan a zo a rushe shi da dalilin da aka sani tun kafin a buga takardar ƙuri'a.

Wanda ya yi sammako kuwa yana iya tsayar da komai. A ƙauyen Norton St Philip na Somerset, ƙaramar hukumar Mendip ta amince a 2019 a kai tsarin ƙuri'a, da filaye goma da aka keɓe. Wani kamfani mai fili ya garzaya kotu, aka dakatar da ƙuri'ar. A 2020 Kotun Ɗaukaka Ƙara ta soke amincewar. Ba ta ce zaɓen filayen ne kuskure ba. Matsalar tana cikin lafazin manufar: ƙa'idar ƙasa ta ce kariyar irin waɗannan filaye ta yi daidai da ta zoben filayen da aka hana gini a kewayen birane, wanda ya yarda da 'yan wasu gine-gine, amma manufar ƙauyen ta fi haka tsauri kuma ba a kawo dalilin ƙarin tsaurin ba. Mai tantancewa ya bar ta ta wuce, ƙaramar hukuma ta bi shi, kotu ta ɗora laifin a kan ƙaramar hukumar. Wannan ne ya sa jami'in kirki ba ya ɗaukar rahoton a matsayin garkuwa, sai ya sake karanta kowace manufa da idon lauyan da zai kai shi ƙara.

Daga takardar matsaya zuwa akwati

Da an wallafa matsayar, dole a yi ƙuri'a cikin kwanakin aiki 56, wajen mako goma sha ɗaya ke nan. A wasu halaye, kamar inda 'yan kasuwar yankin ma za su yi tasu ƙuri'ar dabam, wa'adin kwanakin aiki 84 ne. Aƙalla kwanakin aiki 28 kafin ranar, ƙaramar hukuma za ta fitar da takardar bayani tare da tsarin da aka gyara, rahoton mai tantancewa, taƙaitaccen ra'ayoyin da aka aiko da taswirar yankin ƙuri'a. Daga nan bakinta a rufe yake, ba za ta buga abin da ke tallata e ko a'a ba. Ita ke biyan kuɗin zaɓen, kuma gwamnatin ƙasa ta saba ba ta fam 20,000 kan kowane tsari don rage nauyin tantancewa da ƙuri'a.

Tun kafin ranar ma tsarin ya fara nauyi. Wata doka ta 2017 ta wajabta wa mai yanke hukuncin izinin gini ya yi la'akari da daftarin da ya wuce tantancewa aka yanke kai shi ƙuri'a. An ga amfanin wannan lokacin korona, da aka ɗage duk ƙuri'un zuwa 6 ga Mayun 2021, gwamnati ta ce tsarin da ke da takardar matsaya a ba shi nauyi sosai ko da ba a zaɓe shi ba tukuna.

Ranar ƙuri'a kamar kowane zaɓe take: rumfuna daga ƙarfe 7 na safe zuwa 10 na dare, ƙuri'ar gidan waya, da katin shaida mai hoto tun 2023. Mai ƙuri'a shi ne wanda ke cikin rajistar zaɓen kansiloli a yankin. Tambaya ɗaya ce, doka ce ta tsara lafazinta: kana son ƙaramar hukuma kaza ta yi amfani da tsarin unguwa kaza wajen yanke hukunci kan neman izinin gini a yankin? E ko a'a. Ba a zaɓen manufa ɗaya a bar ɗaya, an ci da ƙashi ko an bari. Abin da ake nema ya wuce rabin waɗanda suka kaɗa, babu ƙa'idar yawan masu fitowa. A unguwar St James ta Exeter, wajen kashi 21 cikin ɗari ne suka fito a 2013, tsarin ya wuce. Ana iya sukar wannan, kuma sukar tana da tushe, domin 'yan tsiraru masu lokaci da ilimin takarda ne kan rubuta, su ne kuma kan fito. Inda aka ayyana yankin a matsayin na kasuwanci ana yin ƙuri'a biyu, ta mazauna da ta masu biyan harajin wuraren sana'a. In sakamakon ya saɓa, ƙaramar hukuma ce ke raba gardama.

In e ta yi rinjaye, tsarin ya shiga kundin doka nan take, ƙaramar hukuma kuma tana da mako takwas ta tabbatar da shi a hukumance. Ba ta da hanyar ƙi, sai in ta ga zai saɓa wa dokokin muhalli da aka gada ko haƙƙin ɗan Adam. Daga nan kason unguwar na harajin da ake karɓa a hannun masu sababbin gine-gine, a inda ƙaramar hukuma ke karɓarsa, yana tashi daga kashi 15 mai iyaka zuwa kashi 25 marar iyaka. Sannan manufar ƙasa tun Disamban 2023 ta ba tsarin da bai wuce shekara biyar ba ƙarin kariya daga masu neman gini a wajen filayen da aka ware, amma da sharaɗin shi ma ya ware filayen da suka cika adadin gidajen da aka ɗora wa yankin. Tsarin da ya kauce wa ware fili don gudun ɓacin ran maƙwabta ba ya samun wannan kariya, kuma ko wanda ya samu, shekara biyar na cika sai kwamiti ya sake zama. Tallafin fam 10,000 da gwamnati ke ba ƙungiyoyin unguwa ta hannun ƙungiyar Locality an daina karɓar sababbin masu nemansa a 2025, don haka kuɗin wannan zama na biyu daga aljihun majalisar gunduma zai fito.